Na Goma a Ƙofar Maƙabarta

Doña Gitel Borodovsky ba ta taɓa yin nisa da Los Talas ba. A nan aka haife ta, a gidan kwanon da ke bayan tashar jirgin ƙasa, zamanin da majami'ar Yahudawan garin take cika har yara su hau taga. A nan ta auri Fishel mai ɗinkin sirdi da linzami, a nan ta haifi ɗanta tilo, Isidoro. A nan kuma ta gaji aikin mahaifiyarta. Duk macen da ta rasu cikin jama'a, Gitel ce ke yi mata wanka, ta tsefe mata kai, ta sa mata farin likkafani marar aljihu, sannan ta tsaya wajen ƙafafunta ta kira sunanta ta roƙi gafara, ko da hannu ya yi nauyi a wani wuri.

Da can masu wannan aiki suna da yawa. Sai garin ya soma zubewa kamar buhun da ɓera ya huda: wasu Buenos Aires, wasu Rosario, wasu ƙasar Isra'ila. Matan suka rage su biyu, ita da Pesha Kaplún, ƙawarta tun suna zuwa makaranta a bayan doki ɗaya. Maza kuwa, kafin a haɗa goma sai an bi gida-gida, wani lokaci har a taso marar lafiya daga gado. Ba a yin Kadish, addu'ar da ɗa ke yi wa iyayensa bayan sun mutu, sai maza goma sun tsaya. Kuma ba a ƙirga mutane da lamba, gudun kambun baka. Don Naftali Gurevich, shugaban jama'a, yana da wata aya mai kalmomi goma, yakan nuna kowane namiji da yatsa ya ɗora masa kalma ɗaya. In ayar ta ƙare, an cika. In ta tsaya a hanya, kowa ya rufe littafinsa ya nemi hularsa ta fita.

Shekarar da Fishel ya rasu, Isidoro ya yi masa Kadish safe da yamma ba fashi, har tsofaffi suna nuna shi ga jikokinsu. Bayan haka ya tafi Concordia tuƙin babbar mota. Ya dawo da mata, Norma, mai kirki da saurin dariya, ya kuma dawo da wani addini. Ya karɓi tsohon siton alkama kusa da tasha, ya shafa masa shuɗin fenti, ya jera kujeru, aka kawo ganga da gita. Ma'aikatan gona suka soma ce masa Fasto. Ba wanda ya kore shi daga ko'ina. Abin da ya faru kawai, ran da ya leƙo majami'a don ya ɗauki mahaifiyarsa, yatsan Don Naftali ya zo kansa ya tsallake.

Gitel ba ta yi faɗa da ɗanta ba. Shi ke gyara mata rufi in ya yi yoyo, shi ke kawo mata maganin hawan jini daga birni. Abin da take so a duniya ba shi da yawa: a kwantar da ita a filin da aka bar mata kusa da Fishel, Isidoro ya tsaya a kanta ya faɗi kalmomin da ya faɗa wa ubansa. Ta taɓa tambayarsa, tana miƙa masa ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha a ƙasar, kamar da wasa. Ya ce zai yi mata addu'ar da ta fi wannan, da sunan wanda ya tashi daga matattu. Ta karɓi ƙoƙon ta ƙara ruwan zafi, ba ta sake tayar da zancen ba.

Shi ya tayar da shi, shekarar da Idin Ƙetarewa na Yahudawa ya faɗo mako ɗaya da Ista ta Kirista. Ya shigo kicin ya same ta tana goge tukwanen idi.

"Mama, alfarma nake nema."

"In miyar kaza ce, tana kan wuta. In wani abu ne, zauna tukuna."

Ya zauna, ya ajiye wani littafi mai baƙin bango a kan tebur, nesa da kwanukan kaɗan.

"Ran Lahadin Ista ina so ki zo wurinmu. Ba sai kin yi waƙa ba, ba sai kin rufe ido ba. Ki tsaya kawai ki gaya musu yadda muke yi da gawa. Gaggawar da ake yi ran Juma'a kafin rana ta faɗi, yadda ba a taɓa komai ran Asabar, yadda mata ke sammako washegari. Duk yana nan a labarin mutuwar Yesu, Mama, kamar ke aka kalla aka rubuta. Mutanena ba su san waɗannan abubuwa ba. In suka ji daga bakin Bayahudiya, za su san ba tatsuniya ba ce."

"Sai in ce me a ƙarshe?"

"Ki ce labarin gaskiya ne."

"Wane ɓangarensa?"

"Haba Mama."

"Tambaya na yi, Isi. Ai kai ne fasto."

Ya juya hularsa a hannu. Da ya sake magana, bai kalle ta ba.

"Ki zo mini wannan, ni ma in zo miki. Ran da Allah ya kira ki zan tsaya in yi miki Kadish, kalma bayan kalma, ko da Don Naftali zai haɗiye harshensa."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da ya fita, ta naɗe littafin da tsumman kicin ta nufi gidan Pesha, wadda ciwon ƙirji ya kwantar tun farkon sanyi.

"Me kika naɗe haka kamar naman alade?" in ji Pesha daga kan gado.

"Ya fi naman alade. Matsa in zauna."

Masu nazarin tarihi a manyan makarantu suna da nasu ma'aunin irin wannan labari: tazarar da ke tsakanin aukuwar abu da rubuta shi, wa ya kwafa daga wa, wa zai ci riba in an gaskata. Sun daɗe suna aunawa, ba su gama ba. Gitel da Pesha ba su da wannan ma'auni. Sun saurare shi ne yadda suke sauraron labarin rasuwa a gidan makoki, inda kowa ke ba da nasa. Isidoro ya sa takarda a wurare huɗu, inda mutum huɗu suka ba da labarin safiyar Lahadin. Gitel ta sa tabarau ta karanta su a jere, Pesha na sauraro ido a rufe.

"Dakata," in ji Pesha. "Wannan ya ce mace ɗaya ta je kabarin. Na ɗazu ya ce biyu. Wancan ya ce uku. Wani ya ce mutum ɗaya suka tarar a ciki, wani ya ce biyu. Su zauna su shirya bakinsu mana."

"Ran da Fishel ya faɗi, ke kin ce guduma ce a hannunsa. Naftali ya ce abinci yake ci. Ni da nake ɗakin na san takalmi yake cirewa. Wa ya yi ƙarya?"

"Naftali."

"Ba wanda ya yi ƙarya, Pesha."

"To, amma ya mutu dai, duk mun yarda. Mutuwa ba ta neman shaida, kowa ya iya ta. Tashi fa?"

"Isi ya ce da ƙirƙirar labarin aka yi, ba za a sa mata su zama shaidu ba, tunda a zamanin ba a karɓar shaidar mace."

"A zamanin? Je ki tambayi Naftali ko yau yana karɓa."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Gitel ta tallafe ta ta ba ta ruwa. Abin da ya dami Gitel daban ne. Ta koma baya ta sake dubawa, tana neman wanda ya zauna da gawar. A wajensu ba a barin mamaci shi kaɗai, tun daga fitar rai har a rufe shi da ƙasa. A nan kuwa an sa shi a kogo an gangara dutse, kowa ya tafi gida. Ɗaya daga cikin huɗun ya ce an sa sojoji, sauran ba su ambata ba, soja kuwa ba mai zaman gawa ba ne. Sannan matan sun koma da turare su buɗe wurin da aka riga aka rufe. Ita ba ta taɓa jin an yi haka ba. Amma kogon dutse ne, ba rami ba, zamanin kuma ba nata ba ne. Wataƙila haka ake yi a lokacin. Ba ta sani ba.

"Ni dai," in ji Pesha da numfashinta ya dawo, "kada ki bar ni ni kaɗai. Kuma kada ki bari matan Concordia su tsefe mini kai. Hannunsu kamar na masu figar kaza."

A Los Talas magana ba ta kwana. Norma ta faɗa a wurin mai burodi cewa surukarta za ta yi jawabi ran Ista, da zuciya ɗaya ta faɗa, don murna take yi. Washegari Don Naftali ya tare Gitel a harabar majami'a, inda yake raba gurasar idi da aka kawo daga birni.

"Doña Gitel, an ce kin zama mai wa'azi."

"An ce kai ma ka zama mai sauraron gulmar burodi."

Bai yi dariya ba. Ya miƙa mata kwalinta, ya rage murya.

"Mu ma mun yarda matattu za su tashi, ba su suka koya mana ba. Amma kowa da kowa, rana ɗaya, kuma ran nan duniya za ta sake. Babu yaƙi, babu yunwa." Ya nuna titi, inda wani keken doki ya kafe a taɓo. "Kin ga alamar ta sake? Waɗanda suka rubuta labarin nan sun rubuta shi bayan shekaru masu yawa, da harshen Girka, a lokacin da babu mai tashi ya je ya duba kabari. Kuma kin san abin da ake yi wa kakanninmu a wannan makon, can Rasha, in an fito daga jin labarin."

Ta sani. Kakarta har ta mutu a wannan gari, in ta ji ƙararrawar Ista sai ta sa sakata ta ja yara ƙarƙashin tebur.

"Ki gaya wa yaron ƙarya ce, ki huta," in ji shi.

"Ban san ko ƙarya ce ba."

"To ki ji. In kika tsaya a siton nan kika ce gaskiya ne, filin da ke kusa da Fishel ba naki ba ne kuma. Bakin katangar maƙabarta za a kai ki. Ba ni zan yanke ba, kwamiti ne."

"Kwamitin ai kai ne da surukinka."

"Shi ya sa na san abin da zai ce."

Titi ɗaya ne a Los Talas. Majami'a tana wannan baki, shuɗin sito yana wancan, gidan Gitel a tsakiya. Ta taka zuwa gida da kwalinta, tana jin kamar titin ya ƙara matsewa. In ta je, Isidoro zai yi mata Kadish a bakin katanga, nesa da mijinta, in ma an samu maza tara da za su tsaya tare da shi. In ba ta je ba, za ta kwanta kusa da Fishel, wani tsoho da ba jininta ba ya karanta mata da sauri don ƙafarsa na ciwo. Ta juya abin ta kowace fuska kamar mai neman bakin zare, ba ta samu ba.

Pesha ta cika ran Juma'a da rana tsaka, hannunta cikin na Gitel. Ruwa ya yi kwanaki yana zuba. Don Cirilo mai haƙa kabari ɗan Katolika ne, a ranar shi ke ɗauke da gicciye a jerin gwanon cocinsu, ya ce ko uwarsa ce ba zai taɓa shebur ran Babbar Juma'a ba. Tsofaffi biyu suka gwada, suna haƙa ruwa na cikawa, ɗaya ya riƙe ƙugu ya zauna a kan wani kabari. Don Naftali yana duban sama yana duban agogo. Da rana ta karkata, ya ce a bari. Asabar, ranar hutun Yahudawa, na shigowa da faɗuwar rana, ba wanka, ba ɗauka, ba binnewa. Sai Lahadi da safe.

Aka sauke Pesha ƙasa a ɗakinta, aka lulluɓe ta da farin zane, aka rufe madubi, Gitel ta kunna kyandir kafin rana ta faɗi. Wata tsohuwa ta kama mata zaman dare. Yinin Asabar nata ne.

Ba ta taɓa yin yini mai tsawon wannan ba. Kwanon wanka yana nan, mataji yana nan, likkafanin da Pesha ta ɗinka wa kanta yana ninke a kan kujera. Komai a shirye, hannunta kuwa a ɗaure. Wani silin furfura ya leƙo daga ƙarƙashin zanen, ta yini tana kallonsa, ba halin gyarawa. Tana karanta Zabura bakinta na tafiya, zuciyarta tana wurin matan can na littafin Isidoro. Su ma haka suka yini, kayansu a shirye, rana ta ƙi tafiya. Wannan ɓangaren ba ta buƙatar kowa ya tabbatar mata da shi.

Da la'asar ta ji motar Isidoro ta tsaya. Ya zo da abinci a kwano, Norma ta aiko. Ba a ci a gaban mamaci, don haka ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta bar ta a buɗe, ido ɗaya a ciki.

"Da mota ka kawo mini abinci ran Asabar."

"Da ƙafa zai huce. Allah ya ji ƙan Doña Pesha. Ita ta fara ba ni taba, kin sani?"

"Na sani. Ita ta gaya mini, don in doke ka."

Ya yi murmushi, ya jingina da bango. Ta ci loma biyu ta ajiye.

"Na karanta littafinka, Isi. Ni da ita muka karanta."

"To?"

"Gaggawar Juma'a gaskiya ce. Zaman Asabar gaskiya ne, ga ni a cikinsa. Matan nan ba maƙaryata ba ne, ko me Naftali zai ce." Ta leƙa ciki, ta dawo da kallonta kansa. "Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, Pesha kaɗai ta sani. Bayan mun tashi daga zaman makokin babanka, na fito da safe in ba kaji hatsi, sai ga shi a ƙofar shinge. Da rigarsa ta fata ta aiki. Yana jijjiga ƙofar, ya ce mini, Gitel, wannan tana son mai. Ba mafarki ba ne, hatsi na hannuna, kaji na taka mini ƙafa. Yadda nake ganinka haka na gan shi. Da an kai ni gaban alƙali ran nan, da na rantse."

Isidoro ya tashi daga jikin bangon.

"Na gan shi, ɗana. Kuma yana can inda muka sa shi."

"Kabarin Baba a cike yake, Mama. Wancan ba kowa a ciki."

"In ji su."

"Mutane sun yarda an yanka su a kan wannan magana. Wa zai mutu a kan abin da ya san ƙarya ce?"

"Ban ce sun san ƙarya ce ba. Ƙanen kakata ma ya yarda an kashe shi a kan ya ƙi ta. Shi ma ba wasa yake yi ba."

"To ki zo ki faɗi rabin da kika yarda da shi."

"In na faɗi rabi, kai za ka cika sauran da ganga. In na faɗi duka, mutanenka kai za su juyo su kalla. Ban ga kabarin nan ba, Isi. Ban je ba, ban leƙa ba. Ba zan ce an tashi ba, ba zan ce an sace ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Gobe ma da safe ta Pesha ce. Yaushe kuke farawa?"

"Da hantsi."

"Mu ma."

Ya ɗauki kwanon ya rufe. Ya buɗe baki, ta san zancen Kadish zai yi, sai ya fasa.

"Wa zai haƙa?"

"Cirilo ya ce sai an tashi daga cocinsu."

Ya gyaɗa kai, ya shiga mota.

Lahadi gari na wayewa ta riga kowa zuwa maƙabarta don ta ɗora ruwa a ɗakin wanka. Ruwan sama ya tsagaita, hazo ya kwanta a kan duwatsu. Ta bi ta layin dangin Kaplún, sai ta tsinci kanta a bakin rami. An haƙa shi tsaf, an kwashe ruwan, gefensa a miƙe, ba kowa a ciki. Ta daɗe tsaye kafin ta tuna ba a kawo Pesha ba tukuna. Can bakin ƙofa ta hango motar Isidoro. Yana zaune a bayanta, taɓo har gwiwa, farar rigarsa ta wa'azi na rataye a madubi.

Mata biyu suka iso daga Concordia a bayan tarakta. Suka kama mata ɗagawa da zuba ruwa, amma mataji bai bar hannun Gitel ba. Ta tsefe furfurar a hankali, har silin nan da ta yini tana kallo. Ta tsaya wajen ƙafafu ta ce, "Pesha 'yar Zelda, in mun yi miki ba daidai ba ki yafe. Ban bar ki ke kaɗai ba."

Aka sauke akwatin, kowane namiji ya zuba ƙasa ya kafa shebur don na baya ya ɗauka da kansa. Pesha ba ta bar ɗa ba, Don Naftali ne zai yi mata Kadish. Ya ɗaga yatsa ya soma ayarsa, kalma a kan kowane kai. Ta tsaya a ta tara. Mutumin da aka yi tsammani daga wani ƙauye bai iso ba, rafi ya cika ya shafe gada. Don Naftali ya sake farawa daga ɗaya gefen, kamar hakan zai haifar da mutum. Ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Maza suka soma kallon takalmansu. Daga wajen tasha iska tana kawo sautin ganga, an fara taruwa a shuɗin sito.

Isidoro yana tsaye a wajen ƙofa. Ya wanke hannu ya sa farar rigar, littafinsa a hammata, makullin mota a hannu. Bai shigo ba, bai tafi ba.

Mata ba sa magana a wannan wuri. Gitel ta yi.

"Don Naftali, ayarka ba ta ƙare ba."

"Na sani, Doña Gitel."

"Ramin nan ɗan Fishel ne ya haƙa shi."

"Na san wanda ya haƙa."

Don Naftali ya dubi tudun jar ƙasar, ya dubi surukinsa, surukin ya kau da kai. Sannan ya yi magana, bai juya wajen ƙofa ba, kamar da kabarin yake.

"Wanda Bayahudiya ta haifa, ruwan baftisma ba ya wanke shi. In yana da abin rufe kai, ya bar kayan hannunsa a waje."

Gitel ba ta waiwaya ba. Ta ji ganga ta ƙara ƙarfi. Ta ji an buɗe ƙofar mota an rufe, ta ɗauka tafiya zai yi. Sai ta ji ƙarar ƙofar ƙarfe. Da ta duba, littafin yana kan ginshiƙin ƙofa, Isidoro da tsohuwar hularsa ta tuƙi ya tako ciki, bai wuce bakin ƙofar da yawa ba. Yatsan Don Naftali ya zagayo, ya yi ɗan jinkiri, ya sauka a kansa. Ayar ta ƙare.

Tsohon ya karanta da muryarsa mai rawa. Isidoro bai ɗaga murya ba sai wurin amin. Amma Gitel leɓɓansa take kallo, ta ga suna tafiya da kalmomin, wani wuri har suna riga Don Naftali.

A wurin famfon bakin ƙofa, inda kowa ke wanke hannu kafin ya fita, Don Naftali ya ce mata, "Don Pesha na yi. Kada ki ɗauka ƙa'ida ce."

"Ban ɗauka komai ba."

Isidoro ya ɗauki littafinsa yana goge masa raɓa da hannun riga. Ta matsa kusa da shi.

"Nawa Kadish ɗin fa, Isi?"

"Ba ki zo mini ba, Mama."

"Ban zo ba."

Ya cire hular, ya dube ta, ya dubi hanya. "Suna jirana," in ji shi. Ya sumbace ta a goshi, ya tayar da mota.

Ta koma ciki ita kaɗai, ta ɗora ƙaramin dutse a kan kabarin Fishel. Filin da ke gefensa yana nan, ciyawa ta rufe shi, nata ne har yanzu. Daga shuɗin sito waƙa ta tashi, suna cewa ya tashi, ya tashi. Ta juya tana kallon bayan tsofaffin da ke fita a hankali, ta gwada ayar Don Naftali a kansu, tana lissafin waɗanda za su kai ranarta. Ta tsallake mai tari, ta tsallake mai sanda biyu, ta tsallake wanda 'yarsa ke shirin ɗauke shi zuwa Rosario. Ayar ba ta kai ko tsakiya ba. Ta tsaya jim, sannan ta sake farawa, wannan karon daga motar Isidoro da ke ƙanƙancewa a kan hanyar tasha.